Turamen da Baba Ya Bari a Kan Itace

Allah ya yi wa surukina rasuwa ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Kafin azahar zauren gidansa na Morai ya cika, har aka shimfiɗa tabarmi a waje. Ni na zauna can gefe kamar yadda ya kamaci mijin 'ya, ina amsa "ya haƙuri" ina sauraren abin da ake faɗa a kansa.

Wani dattijo da ya zo daga Bakura a kan keke ya shafa fatiha, ya ce, "Allah shi jiƙan mai turame. Ni dai tunda nike ban ga mutumen da ka bin tsohon turmi gida-gida ba, sai shi." Dariya ta kuɓuce wa mutane, sannan suka tuna inda suke, aka shiga istigfari. Liman ya ce shekara arba'in suna sahu ɗaya bai taɓa jin ya ci naman wani ba, in ban da guza. Wannan karon ba wanda ya ɓoye murmushinsa, domin kowa ya san irin zagin da Baba ke yi wa guza. Daga cikin gida kuwa kukan tsofaffin mata ake ji, wasunsu ma ban san da me suka haɗa dangi da shi ba.

Mutum ɗaya ne ya keɓe kansa, ƙanen marigayin, wanda muke kira Baba Ƙarami. Sai da aka yi la'asar jama'a suka ragu ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya, ya kira ni da sunan da aka san ni da shi.

"Direba, ƙayar hwa? Wa za shi sake ta?"

Baba ya rasu ya bar turame ashirin da uku a kan itatuwa, daga fadamar Morai zuwa wajen Bakura, har gefen ruwan dam ta hanyar Maradun. A wannan lokaci na shekara agwagin daji na kwance a cikinsu a kan ƙwai. Abin da ke tsare su daga guza ƙayar da yake ɗaurawa a gindin kowane itace ce, ita kuwa ruwan sama na ruɓar da ita, sai ana sakewa. Ni sha huɗu kawai na sani. Sauran tara sun tafi a cikin kansa.

Ga wanda bai tashi a bakin fadama ba, tsuntsuwar da nake magana ita ce muke kira dani, agwagwar daji babba, namijin da ɗan tudu a kan baki. Ta fi son kogon itace kusa da ruwa. Nan take saka ƙwai, nan take ƙyanƙyasa, 'ya'yan su diro ƙasa kwana ɗaya da fitowa su bi ta cikin ruwa. Kafin dam, fadamarmu cike take da manyan itatuwan giyayya da kanya masu koguna. Gulbi ya kawo, ya malala, ya koma ya bar tafkuna, a yi shinkafa, a yi su. Baba manomin shinkafa ne, da rani kuma ya taɓa kamun kifi. Yakan ce shi ba ya duban sama don sanin damina ta zauna, in ya ga dani ta shiga kogo ya san iri ba zai ƙone ba.

Dole in faɗi yadda na shigo labarin, ko da yake ba ya yi mini daɗi. Sa'ad da aka zo aikin dam na Bakolori ina cikin waɗanda suka koyi tuƙin katafila. Alfahari nake yi da ita ƙwarai, don a lokacin duk garin da ka shiga da wannan ƙarfe sai an fito kallo. Aikinmu shi ne baje fili don a ja magudanan ruwa. Wata safiya aka kai ni fadamar Morai, aka nuna mini jerin giyayya aka ce duk su tafi. Ta uku da na ture, tana faɗuwa wata dani ta fita daga cikinta a gigice, ƙwai suka tarwatse a ƙasa. Na ɗaga kai sai ga wani mutum tsaye da fartanya a kafaɗa yana kallo. Na san shi sarai, domin 'yarsa nake nema a lokacin. Ya dubi ƙwan, ya dube ni, ya ce, "Sannu da aiki," ya juya.

Na ɗauka maganar auren ta mutu. Bayan kaka ya aiko a turo magabata. Shekara ashirin da wani abu muka yi tare daga nan, bai taɓa tayar da zancen wannan safiya ba, ni kuma kunyar suruki ba ta bar ni na ba shi haƙuri ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Inna, matarsa, ita ta ba ni labarin turmin farko. Damina biyu bayan an baje fadama, ya dawo gida ya ƙi cin tuwo. Ya ce ya ga dani tana ta kewaya inda itatuwan suke a da, ta rasa wurin sauka, ta je ta yi ƙwai a ciyawar bakin magudana, karnuka suka cinye. Kashegari ya ga turmin Inna da gindinsa ya huje an jefar bayan rumbu, ya ɗora a jaki. Ta ce, "Ni na aza itacen wuta za ka hwasa min." Ya ce mata ta yi haƙuri, baƙi gare shi da ba su da masauki.

Ya hau da shi kan wata kanya da ta tsira a bakin gonarsa, ya kwantar da shi a tsakanin rassa biyu, ya ɗaure da igiya. Ya toshe hujin da laka ya bar 'yar kafa don ruwa ya tsiyaye, ya zuba ƙaiƙayi a ciki, ya rufe rabin bakin da sakaina. Shekarar farko mujiya ce ta shiga. Ta biyu zuma. Mutanen gari suka samu abin zance, har ana tambayarsa ko an fara daka a sama. A ta uku dani ta kwanta a ciki.

Daga nan ya zama mai turame. Duk inda ya ji turmi ya tsage ko ya huje, sai ya sassaƙa sabuwar taɓarya ya kai, ya karɓo tsohon. Ranar Talata in ya shiga kasuwar Mafara, kafin ya tambayi kuɗin gishiri ya tambayi wa ke da mataccen turmi. Mahauta abokan wasansa ne, da sun hango shi sai su fara kiran a ɓoye turame ga shi nan. Shi kuma ya ce su ji da ƙudajensu.

Yadda yake duba su ne abin kallo. Ba ya hawa itace in uwa na ciki. Yakan tsaya nesa ya karanta wurin tukuna: ko akwai laushin gashi maƙale a bakin turmi, ko kashinta sabo ne, ko jelar guza ta ja layi a laka. Sai hantsi ya ɗaga, uwar ta fita kiwo, sannan ya matsa. Ba ya taɓa ƙwai da hannu. Ba ya zuwa turmi ɗaya ta hanya ɗaya sau biyu a jere, wai kada ya yi wa ɓarawo turba. In ya gama sai ya ja da baya yana share sawunsa da reshe. Yana da wata igiyar kaba a aljihu, kowane turmi da ƙullinsa, amma ba mai iya karanta ta sai shi.

Abu ɗaya ya taɓa roƙo a wurina duk zamanmu. Lokacin gwiwa ta fara hana shi hawa. Ya aiko matata, wai in akwai fasasshen madubin mota a wurin aikinmu yana so. Na cire na katafilar da aka yasar na kai masa da kaina. Ya ɗaura shi a kan doguwar gora, ya riƙa ɗaga ta bakin turmi yana ganin ciki daga ƙasa. Ranar da ya gwada ina tsaye, ya miƙo mini gorar ya ce, "Direba, duba ka gani." Na ga ƙwai goma sha ɗaya a kan ƙaiƙayi, an lulluɓe su da gashi. Ban san lokacin da idona ya ciko ba. Tun daga ranar, duk sa'ad da ba ni da aiki sai in bi shi, shi a gaba ni a baya ɗauke da gatari, mu yini ba mu yi magana goma ba.

Da na ga na samu shiga, sai na so in yi bajinta. Na tattara katakon akwatunan da ake kawo kayan inji, na sa kafinta ya haɗa mini gidaje huɗu masu kyau, har da rufin kwano. Ban gaya masa ba, na je na kafa su da kaina. Da zan ɗaura sai na yi tunanin ai ba abin da ya fi albarka irin fuskantar gabas. Makwancinmu na ƙarshe ma can ake juya mu. Duk huɗun na juya bakinsu alƙibla, na sauko ina jin na yi aikin lada. Ni da aka haifa a ƙasar nan na manta ta inda hadari ke tasowa. Ruwan farko mai iska ya cika su taf. Ɗaya dani ta riga ta fara saka ƙwai a ciki, uku, duk suka lalace.

Na kai shi wurin kaina a sunkuye. Ya kewaya itacen sau biyu, ya ɗaga madubi ya duba.

"Direba, wanga aiki naka na?"

"Nawa ne, Baba."

"To, niyya ta yi kyau. Amma ita dani ba a ɗora mata salla ba. Abin da anka ɗora mata shi na ta tsare ɗiyanta daga ruwa. Juya mata baya ga hadari."

Bai gaya wa kowa ba. Ni ne da bakina na ba da labarin bayan shekaru, har Liman ya yi dariyar da ta sa shi tari.

Ba kullum yake da sanyi haka ba. Rigimarsa da Baba Ƙarami duk Morai ta san ta. Baba Ƙarami mutum ne mai son ganin amfanin abu a hannu. Ya ce shi bai ga dalilin yi wa tsuntsu hidima shekara da shekaru ba a ci namansa ba a sha romonsa. Wata damina ya hau ɗaya daga turamen ya kwashe ƙwai takwas, ya sa wa kazarsa. Baba ya gane daga sawu. Ya je har ƙofar gidansa, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaga murya.

"Amana ta ka ci. Ni nac ce mata ta shiga, ba abin da ka taɓa ta. Yanzu mi zan ce mata?"

"Yaya, tsuntsuwa ta hwa."

"Ko da tsuntsuwa ta, baƙuwata ta."

Suka daina cin tuwo tare, su da tun suna yara akushi ɗaya suke sa hannu. Kaza ta ƙyanƙyashe shida, Baba Ƙarami ya yi ta ba su tsaki da dusa yana nuna wa mutane yadda suke girma. Ana fara sanyi, wata safiya 'yan'uwansu suka gifta ta sama suna kuka, duk shidan suka tashi suka bi su, suka bar shi da kwanon dusa a hannu. Da labari ya kai wa Baba, ya yi dariya har da hawaye, da yamma ya ɗauki akushinsa ya tafi zauren ƙanen ya zauna. Ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri. Daga shekarar Baba Ƙarami ne ke saro masa ƙayar bagaruwa, yana yi yana mita.

In aka tambayi Baba me yake samu, amsarsa ba ta canzawa. Yakan ce an raba wa kowa sabon fili bayan dam, mai yawa da mai kaɗan, wanda aka zalunta ma ya samu inda zai kai kuka. Tsuntsayen nan kaɗai ne ba wanda ya rubuta sunansu. Wani lokaci kuma, in muna zaune a bakin ruwa, sai ya fara lissafa tafkunan da suka ƙafe da sunayensu, da irin kifin kowanne, da wanda ya fi zurfi. Ba da ɗaci yake faɗa ba. Yana yaba tumatir da alkamar rani da dam ya kawo. Sai dai yakan ce yaran yanzu ba su san ƙarar fadama da asuba ba, sa'ad da mutum ba ya jin maganar na kusa da shi don kukan tsuntsaye.

Ciwon ajalinsa kwana tara ne. Ranar na takwas ya sa aka kira ni har ɗaki, inda ban taɓa shiga ba. Na durƙusa a bakin ƙofa, ya ce in matso.

"Ashirin da uku na. Kai ka san sha huɗu."

Ashe yana sane da iyakar inda ya taɓa kai ni. Ya fara faɗa mini sauran, ya ce akwai na kan marke bayan tsohuwar mashaya, sai tari ya sarƙe shi. Inna ta ce a bar shi ya huta, gobe ma rana ce. Da ɗansa ne ni, da na ce a'a, Baba, daure ka ƙarasa. Amma ni suruki ne, na ce Allah ya ƙara sauƙi na fito. Ban ƙara jin muryarsa ba.

Shi ya sa tambayar Baba Ƙarami ta tsaya mini a rai. Na ɗauko igiyar kabar na juya ta gaba da baya, ƙulli ne kawai. 'Ya'yansa maza suna birni, kuma ban ga laifinsu ba, ba su tashi da abin ba. Kwana uku ina zaman makoki ina lissafin ƙwan da guza ke sha.

Ranar sadakar uku matata ta fito da jajayen idanu ta ce in zo in ji. Tsofaffin nan da suka cika gida, kowace in ta gama gaisuwa sai ta tambayi turminta. Ashe duk kaka Baba yakan bi gidajen da ya karɓo turmi, ya tsaya a zaure ya aika ciki: a gaya wa tsohuwa turminta yana kan kanya kaza a wuri kaza, bana ya fitar da tara, ko bana guza ya riga mu. Shekara da shekaru yana wannan, ko Inna ba ta sani ba. Wata daga garin Kaya ta ce wa matata, "Turmin aurena na. Da shi nid daka ma ɗiyana goma. Da yah huje na yi kuka, sai ga shi Malam ya sa shi ya koma haihuwa."

Muka raba aiki. Matata ta shiga cikin mata tana tambaya, ni ina rubutawa a bayan kwalin sukari. Kafin sadakar bakwai mun samu takwas, har da na kan marken nan. Ni da Baba Ƙarami muka bi su ɗaya bayan ɗaya, shi da gatari ni da gorar madubi. Biyu mun makara, ɓawo kawai muka tarar da sawun jela. Shida muka sake musu ƙaya da uwayen a ciki.

Saura ɗaya. Inna ta tuna wata mata daga ƙauyukan da ruwan dam ya ci, wadda ranar tashinsu ta kasa ɗaukar turminta ta bar wa Baba, lafiyayye ma ba hujajje ba. Muka bi sawunta har Gidan Goga, muka tarar ta rasu shekara huɗu. Jikarta ta ce tana jin wani dattijo na aiko da saƙo duk shekara, kakar takan yi murna, amma ita abin da ta riƙe kawai shi ne "bakin ruwa". Bakin ruwan dam kuwa tafiyar kwanaki ce. Mun yi sati uku muna nema, muna ɗaga kai har wuya ya ƙage. Daga baya ruwa ya hau ya rufe hanyoyin, muka haƙura. Na sa a raina cewa wannan na kashe shi da kunyata, kamar yadda na kashe na farko da katafila.

Ana gab da yankan gero muka koma wajen Maradun don kwance igiyoyin da suka ruɓe. Muka zauna a kan wani tudu muna cin rogo, gabanmu wani lungu ne da ruwa ya shiga cikin sarƙaƙiya, ba mai iya ratsa shi sai da jirgi. Baba Ƙarami ya dafa gwiwata. Wata dani ce ta fito daga cikin duhuwar a hankali, 'ya'ya na bin ta a jere, ƙanana ƙwarai, ba su fi kwana biyu ba. Na ƙirga goma. Turminmu mafi kusa yana da nisan da ɗan kwana biyu ba zai iya zuwa ba, itatuwan lungun kuma duk bayan dam suka tsiro, ba mai kogo a cikinsu.

Baba Ƙarami ya bi su da ido har suka shige ciyawa. Ya sa hannun riga ya share fuska.

"Ƙayar Yaya ta riƙe," ya ce. "Kusan wata biyu shina ƙasa, ƙayar da yaɗ ɗaura ta riƙe."

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi masauki kamar yadda ya ba waɗanda ba su da bakin roƙo. Ƙaya ba ta yin damina biyu. Da ruwa ya janye zan shiga lungun nan itace bayan itace, kuma na riga na yi magana da mai jirgi. Kafin nan, duk wanda ya ɗaga kai a bakin dam ya ga turmi a kan reshe, bakinsa na duban yamma, don Allah kada ya sauke shi. Ya aiko Morai a ce wa Direba an gani.